Ambulan Biyar a Cikin Kwallata

Ƙarar murfin kwalla ce ta fara komai. Ina madafa ina tankaɗen gari wajen hantsi, sai na ji "ƙwal" daga ɗakina, a hankali, irin ta wanda ya ɗaga murfi yana roƙon Allah ya rufa masa asiri. Duk macen da ke da jere ta san muryar kwanukanta ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta babbar kwalla ce mai jajayen furanni, inda nake ajiye zannuwan fita da turare. Na ajiye rariya na nufi ɗakin, ina shirya faɗan da zan yi wa autata.

Maigidana na tarar. Mutum mai 'ya'ya biyar da furfura a gemu, ya durƙusa gaban jerena, hannunsa ɗaya cikin kwalla har gwiwa.

"Malam, lahiya?"

"Lahiya lau. Ajiya nike yi."

"A kwallata?"

"To ina ya fi nan tsaro a gidan ga? Ko ni da ke da gidan tsoron ta nike ji."

Ya mayar da murfin, ya kakkaɓe rigarsa ya fita. Na sa hannu ƙarƙashin zannuwa na zaro ambulan ruwan ƙasa mai hatimin Yamai. A ciki akwai takarda guda da wani baƙin abu mai kusurwa huɗu, bai kai tafin hannu ba. Disket ke nan.

Lokacin muna Birnin Konni, can ƙarshen shekarun casa'in. Maigidana sakatare ne a wani furoje, wato shiri na noman rani. Shekara ashirin yana buga takardu da tafireta, yatsunsa sun san haruffa fiye da yadda na san hanyar rijiya. Babban aikinsa shi ne takardar rabon ruwa: sunan kowane manomi, da lambar fegensa, da ranar da za a buɗe masa ruwa. In aka yi kuskuren layi ɗaya, albasar wani ta kwana da ƙishi, washegari mutane su zo da fartanya a kafaɗa suna neman sakatare. Rannan sai manya suka aiko da ordinatar, wato kwamfuta, aka kai shi Yamai kwana uku ya koyo ta. Damina ta farko rufin buronsu, ofishin ke nan, ya fara yoyo, darakta ya ce a kai ta gidan sakatare tunda muna da kuran, wato wutar lantarki. An gyara rufin daga baya, amma ba wanda ya sake tayar da maganar, ta zauna a ɗakin baƙinmu kamar dangin da ya zo jinya ya ji daɗin tuwo.

Na ɗinka mata riga da ragowar atamfa. Surukata, wadda kowa ke ce wa Hajiya, tana zaune tare da mu, ita kuwa ba ta taɓa kiran ta da suna ba. "Talabijin ɗin da babu mutane," haka take cewa. In maigidana ya zauna gabanta nakan ji yana motsa baki, "ɗaya, biyu, uku, huɗu," sai ya danna babban maɓalli, injin bugawa ya kama ƙara, takarda ta fito tsaf. Ni na ɗauka wani wuridi ne yake ja kafin aiki, har ina jin daɗi a raina.

Da yamma ya ba ni takardar ambulan ɗin ya ce in karanta masa. Ya daɗe da wannan ɗabi'a. Duk wasiƙar da ta zo sai ya miƙo mini, wai don kada Faransancin da na yi a kwaleji ya yi tsatsa. Takardar ta ce wannan mizajur ce, wato gyara da ƙari ga abin da ke cikin ordinatar, kuma za a riƙa aiko da irinta duk wata uku. A saka disket, a bi abin da ta ce, a mayar da 'yar takardar shaida.

"To yaushe za ka saka?" na tambaye shi.

"Mi ya same ta da za a yi mata gyara? Ta yi tari? Ta ƙi cin abinci?"

"Su da sunka yi ta sun ce a saka."

"Su suna Yamai. In ta mutu, ni manoma za su biyo."

'Yar takardar shaidar tana da gida biyu. Na farko "an karɓa", na biyu "an saka". Ya ɗauki bik, wato biro, ya ce in nuna masa na farko, ya yi alama, ya bar na biyun fari fat.

"Malam, wannan ba ƙarya ba ce?"

"Na karɓa ko ban karɓa ba?"

"Ka karɓa."

"To ina ƙaryar?"

Abin dai bai kwanta mini ba. Gaskiya ce aka yanke mata ƙafa ɗaya, kuma a cikin kwallata take kwana. Duk sanda na ɗauko zanen zuwa suna ko gaisuwa sai hannuna ya taɓa ambulan, in yi istigfari, ban ma san ko don kaina nake yi ko don shi ba.

Wata uku ta cika, na sake jin "ƙwal". Wannan karon ko tashi ban yi ba.

A ambulan ta uku ne na kai ƙara wurin Hajiya, ina zaton za ta goya mini baya. Tana tsintar shinkafa a faifai, tabaraunta da ta sayo a Makka a kan hanci, mai ruwan zinariya da 'yar sarƙa. Ta saurare ni har na gama.

"Ke ɗiyar nan, akuyar da ke ba da nono ana yi mata ƙaho?"

"Hajiya, ai rumbu ma duk shekara ana yi mishi yaɓe tun bai tsage ba. In anka jira ya tsage, hatsi ya riga ya jiƙe."

"Rumbu laka ne. Laka mun san ta, mun san uwatta. Wannan wa ya san asalinta?"

Maigidana yana alwala a gefe, ya ce, "Faɗa mata dai, Hajiya." Sannan ya kawo hujjarsa babba. Wani abokin aikinsa da ke reshen Illela, mutum mai rawar kai, duk ambulan da ta zo ranar yake sakawa. Sau ɗaya ya saka, ordinatar ta yi baƙi ƙirin ta ƙi magana. A bargo aka naɗe ta, aka ɗora a mota zuwa Yamai, shi yana rungume da ita a baya kamar mai kai maras lafiya asibiti. Kwana tara ana rubuta komai da hannu.

"Kin ji ko?" in ji Hajiya. "Mai lahiya ya tahi neman magani ya samo ciwo."

Na bar zancen. Biyu suka fi ɗaya, kuma ɗayansu surukata ce.

Haka muka tafi har ambulan biyar. A gaskiya ordinatar ba ta taɓa ba mu kunya ba. Takardar ruwa na fita kan lokaci, darakta na yabo, manoma har albasa suke kawo mana. Ni kaina na fara tunanin ko ni ce mai neman fitina. Duk sanda na turara zannuwana a kan kasko na mayar da su da ɗuminsu, sai in gyara wa ambulan ɗin zama a ƙasa, in rufe. A kwanakin ne auta ta zubar da haƙoran gaba, sabo ya fara leƙowa. Ta zagaye gidan tana nuna wa kowa. Ta je ta buɗe baki dab da hancin ubanta, ya ce, "To, madalla," ya shafa kanta.

Wata Litinin bayan kaka, ana shirin buɗe ruwan rani, wasiƙa ta zo ba disket a ciki. Na karanta masa a tsaye. Sun ce disket ɗin da ya aika da sunayen manoman bana ta ƙi buɗuwa a wurinsu, kamar an rubuta ta da tsohon tsari, abin da bai kamata ba tunda ya karɓi mizajur biyar. Wata madam injiniya za ta zo ran Alhamis ta duba.

Ranar bai ci tuwo ba. Talata bayan azahar, yara suna lakwal wajen karatun boko, Hajiya ta kishingiɗa, ya kira ni ɗakin baƙi ya tura ƙofa. Ya ciro wani kaye, littafin rubutu, daga ƙarƙashin tebur ya buɗe mini. Rubutu ne manya-manya kamar na allon 'yan aji ɗaya. "Buga takarda: ƙasa huɗu, babban maɓalli." "Sabon suna: ƙasa biyu, dama ɗaya." Shafi shida ke nan duka.

"Abin da na sani ke nan," ya ce. "Ƙirga nike yi. Na hardace shi awa karatun allo. In sunka sauya wa abubuwan ga wuri, na zama baƙo gabanta. Kuma kin san samari nawa ke yawo da difloma a aljihu suna jiran kujera ta faɗi?"

Ashe wuridin da nake jin daɗinsa ke nan. Dariya ta taso mini, tausayi ya danne ta. Mutumin da bai taɓa barin gidan nan ya kwana ba hatsi ba, ga shi yana riƙe da kaye kamar yaron da bai yi aikin gida ba.

"Malam, in ba mu saka ba, madam za ta gani ran Alhamis. In mun saka, wataƙila ta lalace, wataƙila ba ta lalace ba. Ɗaya tabbas ne, ɗaya wataƙila. Mu kama wataƙila."

"In ta yi irin ta mutumin Illela fa?"

"Muna da bargo."

Ya harare ni, amma bakinsa ya ɗan motsa.

Laraba da safe na juye kwalla na fito da su. Duk ɗakin baƙi ya ɗauki ƙamshin turaren wuta. Takardun sun ce a fara kwafe sunaye a wata disket daban, muka yi. Sun kuma ce kada kuran ya yanke ana cikin aiki. Da Hajiya ta ji haka sai ta ɗauki ragamar yaƙi, duk da ba ta yarda da shi ba. Ta sa aka kashe fanka da rediyo, wai don wutar ta ishi baƙuwar. Ta shimfiɗa buzunta a bakin ƙofa, carbi a hannu. Maƙwabciya ta zo aron rariya, Hajiya ta kore ta da hannu ba tare da ta katse salati ba.

Ni ke karanta gilashi, shi ke dannawa. Na miƙa masa ta farko, ya juya ta a kife, na gyara masa, na ɗauka rawar hannu ce. Ta shiga, ta yi gurnani kamar ɓera a cikin masara, ta gama. Ta biyu haka. Zufa na zuba daga gemunsa, ba fanka. Ta uku ta shiga, ta yi gurnani, ta tsaya. Wani jan rubutu ya fito, wai ba a iya karanta ta.

"Inna lillahi," in ji maigidana. "Ga Illela nan ta zo."

Na zaro ta na duba a haske. Wani ɗan zare na zanena ya maƙale a bakin ƙarfen da ke zamewa. Na cire shi da tsinke, na hura. Hajiya ta miƙo hannu.

"Kawo ta nan."

Ta karanta abin da ta karanta, ta tofa mata sau uku daga nesa, ta mayar mini. Muka saka, ta wuce sumul. Har Allah ya yi wa Hajiya rasuwa ba mu daidaita kan ko zaren ne ko tofin ba, kuma ni ban taɓa matsawa ba.

Ta huɗu da ta biyar suka wuce. Ordinatar ta mutu da kanta, sai ta sake tashi. Gilashin da muka sani baƙi ya dawo shuɗi. Jerin da ke da layi shida ya zama tara.

"Gwada buga takardar ruwa," na ce.

Ya gyara zama. Ya yi bismilla. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu." Ya danna babban maɓalli. Injin bugawa bai ce uffan ba. Wani ɗan akwati ya fito tsakiyar gilashi da tambaya a ciki, shi kuwa ya ɗaga yatsa zai sake dannawa, don a kayensa in abu ya yi gardama ƙara masa ake yi.

Na kai ido kan akwatin. Cewa yake, ka tabbata kana so a share duk sunayen da ke ciki?

Ban san sanda na cafke hannunsa ba. Shekara goma sha tara da aure ban taɓa riƙe hannun mijina a gaban uwarsa ba sai ranar, kuma riƙon da na yi masa irin na mai kama ɓarawon kaza ne.

"Malam! Karanta mana! Ba ka ga abin da ta ce ba?"

Ya dubi gilashin. Ya ja kai baya. Ya ƙara ja, ya ƙanƙance ido, ya jingina har ƙafafun kujera na gaba suka bar ƙasa. Sannan ya sauke kujerar a hankali.

"Ban gani," ya ce.

"Mi ne ba ka gani?"

"Rubutun. Layi-layi nike gani, awa sawun kaji."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a kawo ta gidan ga."

Na saki hannunsa. Ni da nake yabon kaina da lura, wadda ke gane muryar murfin kwano daga madafa. Wasiƙun da yake ba ni don Faransancina. Gidan "an karɓa" da sai na nuna masa. Alƙur'anin da ya daina buɗewa da asuba, ya ce yana so ya ƙarfafa hadda. Fiye da shekara ina gardama kan gyaran na'ura, ga mutum kusa da ni yana lalube. Na tambaye shi don me bai faɗa ba. Ya ce a Yamai, ranar koyo, duk yara ne a ɗakin, shi kaɗai ke da furfura. Ya ga in ya ce ba ya gani, ya rubuta wa kansa takardar sallama. Sai ya saurari ƙarar maɓallan na kusa da shi ya ƙirga.

Hajiya ta miƙe daga buzu da ƙyar, ta zo ta tsaya kansa. Ta cire tabaraunta, ta rataya masa sarƙar a wuya, ta ɗora masa a hanci.

"Ungo, uban 'yan girman kai. Ubanka ma haka ya yi. Shekara uku shina gaida mutane da sunan wasu, wai shi wasa yake."

Ya dubi gilashin ta cikin tabarau mai ruwan zinariya. Sai ya karanta tambayar da ƙarfi, kalma-kalma, ya ce "Subhanallahi," ya zaɓi a'a. Ya bi layukan tara yana karantawa kamar ɗan aji ɗaya da aka tsayar gaban allo. Buga takarda ta koma ta shida. Ya sauka kanta, bakinsa na ƙirgawa don sabo, ya danna. Injin ya kama ƙara. Hajiya ta ce a kunna mata fanka kafin ta narke.

Madam ta zo ran Alhamis, yarinya ce ba ta fi ƙanwata ba. Ta tarar da sakatare da tabaraun mata da sarƙa, ta gaishe shi da ladabi, idonta bai ko tsaya a kansu ba, Allah ya yi mata albarka. Ta duba ordinatar ta ce komai daidai. Ta ɗauki disket ɗaya ta kai hanci, ta sake kaiwa.

"Baba, duk biyar rana ɗaya kuka saka?"

"Rana ɗaya," ya ce. "Da ban saka ba. Laifina ne."

Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Ita kuwa dariya ta yi, ta ce ya daina tara su, don da ya ƙara wata uku ba ta san yadda za ta fid da sunayen ba. Sannan ta rage murya ta ce amma ta huɗun nan da matsala ta fito, duk wanda ya saka ta da zuwanta ya sha wuya, ta biyar ce ta gyara ta.

Hajiya tana bakin ƙofa. Ba ta jin Faransanci, amma madam da Hausa ta faɗi wannan.

"Kin ji ko, ɗiyar nan? Mi na ce miki?"

Madam ta tafi da ƙullin turarena a jaka, ita ta roƙa. Daga ranar muka yi doka wadda ba ta Hajiya ba ce, ba tawa ba. In ambulan ta zo sai ta kwana biyu a kwalla, har mu ji labarin mutumin Illela. In shi da na'urarsa suna lafiya, mu kwafe sunaye mu saka. Ba a kuma sakawa a makon takardar ruwa, ko wa ya aiko. Mutumin Illela, bawan Allah, bai taɓa sanin aikin da yake yi mana ba.

Ran Asabar Hajiya ta ce a ba ta tabaraunta, kwana uku tana tauna tsakuwa a shinkafa. Maigidana ya shiga mota zuwa Sakkwato, ya dawo bayan la'asar da nasa, baƙi mai kauri, irin na manyan malamai. Ya zauna a tsakar gida yana duba tafin hannunsa, da saƙar tabarma, da bakin hularsa da ya ce ban gaya masa ta tsufa haka ba. Na koma madafa na bar shi da yara.

Ina cikin tuƙa tuwo sai ga auta a guje, ta riƙe mini zane tana tsalle.

"Inna! Inna! Baba ya ce in sake buɗe baki. Rannan madalla kawai ya ce. Yau ya ƙirga, ya ce biyu ne sunka fito!"